Kwikwiyona ya haɗiye safar yarinya, dan Allah me zan yi masa?

Abban_Nana:
Slm jama'a. Dan Allah taimako nake nema cikin gaggawa. Akwai ɗan kwikwiyo da na karɓo saboda gadin gida, wata huɗu kenan da haihuwarsa, to yanzunnan yarinyata ta dawo daga Islamiyya ta cire safa ta ajiye a bakin ƙofa, kafin a ankara ya sure ɗaya yana wasa da ita, ƙanena ya bi shi zai ƙwace, shi kuma ganin ana binsa sai kawai ya lanƙwame ta a kan idonmu. Yanzu dai yana ta harkarsa kamar ba abin da ya faru, har ruwa ya sha. Maƙocina ya ce in ɗura masa manja, mai gadin layinmu kuma ya ce ruwan gishiri mai kauri ne zai sa ya amayo ta. Ni dai ban ba shi komai ba tukuna. Ina Sharaɗa ne, gashi yau Asabar kuma yamma ta yi. Wanda ya san kan abin ya taimaka dan Allah.

DanKurna92:
Wslm. Malam kwantar da hankalinka, kare ne fa. Zai kasayar da ita gobe ko jibi. Namu na gida ba abin da bai ci ba, leda, soso, har igiyar takalmi, kuma yana nan garau.

Ummu_Aiman:
Dan girman Allah kar ka ba shi ruwan gishirin nan. Kar ka ba shi. Ni na ga yadda ya yi da wani kare a unguwarmu, jikinsa ya dinga karkarwa yana faɗuwa, kafin safiya ya tafi, kuma abin da ya haɗiye ɗin ma bai fito ba.

Maharbin_Dorayi:
Mu dai a wajen farauta in kare ya ci abin da bai dace ba manja muke ba shi, ko nono, tun zamanin iyayenmu haka muka taso muka gani. Manja yana sa hanji ya yi santsi abu ya wuce. Ka ba shi kamar cokali uku ka bar shi ya huta.

Likitan_Dabba_KN:
Abban Nana, sannu. Ka yi daidai da ba ka ba shi komai ba. Amsa min waɗannan da sauri: ƙarfe nawa ya haɗiye ta? Safar gajera ce ko doguwa mai kaiwa gwiwa? Shi kwikwiyon wane iri ne, girmansa ya kai yaya? Yana tari ko kakari, ko yawu na dalala daga bakinsa?

Abin da ya sa nake tambayar lokaci, a cikin awa biyun farko yawanci abin yana nan a tumbi bai gangara hanji ba, a lokacin akwai allurar da muke yi wa kare ta sa shi amai cikin mintuna kaɗan, safa kuma abu ne mai laushi, in ba ta cika girma ba tana iya fitowa ta inda ta shiga ba tare da ta ji masa ciwo ba. In ta wuce cikin hanji zance ya canza, allurar amai ba za ta dawo da ita ba, sai dai jira da sa ido ko kuma aiki. Don haka in kana da yadda za ka yi, yanzu ne lokacin fita neman likita, kar ka ce sai Litinin.

Gishiri kuwa Hajiya Ummu Aiman ta faɗi gaskiya. Yawan gishirin da zai sa kare amai shi kansa guba ne, yana hawa jini ya taɓa ƙwaƙwalwa, ka ga farfaɗiya, ballantana ɗan kwikwiyo da jikinsa bai kai ya kawo ba. Manja kuma, Baba Maharbi, ba raina abin da aka gada nake ba, amma matsalar ɗure ce. In aka danne kare aka ɗura masa mai yana fisge-fisge, sai ya shaƙe man ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, daga nan sai ciwon huhu ya taso a kan wanda ake fama da shi. Kuma safar da ta toshe hanji manja ba ya ture ta.

Abban_Nana:
Likita na gode sosai. Wajen biyar da rabi ne, yanzu shida da kwata. Safar gajera ce ta yarinya 'yar shekara biyar. Shi kuma ruwa biyu ne, uwarsa ta gida ubansa irin na 'yan sanda, bai fi girman ɗan akuya ba. Ba ya tari, ba ya kakari. Matsalata abin hawa, mashin ne da ni kuma masu adaidaita biyu na tsayar duk sun ce ba sa ɗaukar kare.

Sadiq_Zoo_Road:
Sa shi a kwali ka huda masa ƙofofin iska, ƙanenka ya riƙe a baya ku tafi a mashin ɗin. Haka nake kai nawa riga-kafi. In ka tsaya jiran mai adaidaitan da zai yarda wlh sai isha ta yi maka a titi. Ka shimfiɗa tsumma a ƙasan kwalin ko da zai yi amai a hanya.

Hajjo_Tela:
Ni abin da zan ƙara, duk da naka safa ce, saboda masu karantawa. In zare ne ko ulu ko wani dogon abu ya haɗiye kuma kuka ga bakin zaren ya leƙo ta bayansa ko ta bakinsa, dan Allah kar a ja. Ni ɗinki nake a gida, kwikwiyon yaran gidanmu ya shiga ɗakin keke ya haɗiye zare, washegari muka ga wajen taƙi ɗaya yana reto a bayansa, almajirin gidan har ya sa hannu zai zaro, Allah ya taimaka maigidan ya hana shi ya ce a kira likita tukuna. Likitan ya ce da an ja da ƙarfi da zaren ya yanka hanjin, saboda ɗaya bakin yakan maƙale a can sama, wani lokacin ma a ƙarƙashin harshe yake naɗewa, hanjin kuma ya tattare a jikinsa kamar yadda zariya ke tattare wando. Aiki aka yi masa, ya sha wuya amma ya tashi. Tun daga ranar ƙofar ɗakin ɗinkina a rufe take, allura kuma ko ɗaya ba na bari a ƙasa.

Ummu_Aiman:
Subhanallah. Anti Hajjo wannan bayanin naki ya amfane ni, don ni mage ce da ni kuma kullum tana cikin wasa da zaren buhu.

Malam_Na_Gwale:
Ni fa tambayata ɗaya, duk wannan ɗawainiyar a kan kare? Mutane na kwance a asibiti ba kuɗin magani, ku kuna zancen yi wa kare tiyata. Kuma ma meye na ajiye kare a cikin gida inda yara suke, ga salla ga komai.

Abu_Sumayya:
Malam na Gwale, a yi haƙuri, bawan Allahn nan ya faɗa tun farko don gadi ya karɓo shi. Hadisi ya yi izinin riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, malamai da dama kuma sun haɗa tsaron gida a ciki in akwai buƙata, kuma kowa ya san halin da ake ciki na ɓarayin waya da masu haura katanga. A mazhabarmu ta Malikiyya ma kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya yi lallagi a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Sannan ka tuna hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah ya gafarta masa. Tunda ya riga ya ɗauko shi ya ajiye, amana ce a wuyansa, ci da sha da lafiyarsa duk za a tambaye shi. Taimakon mutane daban, wannan daban, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Malam_Na_Gwale:
Na ji batun gadi, ban musa ba. Amma dai a yi masa wurinsa can gefe, kar ya dinga yawo har bakin ƙofar ɗaki. Da yana ɗaure ai da bai ga safar ba.

Admin_Bashir:
Jama'a mu tsaya a kan tambayar da aka yi. Mai son muhawarar hukuncin kiwon kare ya buɗe nasa zauren daban.

Injiniya_Hotoro:
Likita ni na taɓa karantawa a intanet cewa ana ba su haidirojin, wannan ruwan wanke ciwon mai kumfa, wai yana sa su amai nan take. Tunda kowane kemis akwai shi me zai hana ya saya ya ba shi a gida maimakon yawon neman asibiti da daddare?

Likitan_Dabba_KN:
Injiniya, gaskiya ne yana sa amai, amma ta hanyar ƙona bangon tumbi yake sa shi, akwai karnukan da ke ƙarewa da gyambon ciki da aman jini saboda shi. Kuma wanda ake nufi a rubuce-rubucen nan mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari ne, ana auna shi da nauyin karen, a kasuwa kuwa akwai wanda ya fi haka ƙarfi, mutum ba zai duba kwalba ba. Ga haɗarin safar ta taso ta tsaya a maƙogwaro, in a gaban likita ne akwai abin da zai kamo ta da shi, in a tsakar gida ne fa? Ni ba zan ce wa kowa ya yi shi da kansa ba sai in likitan da ya san karen ne ya ce a yi ya kuma faɗi adadi. Mage kam ko kusa kar a ba ta.

Bari in yi amfani da wannan damar, tunda na ga mutane da yawa suna bibiya. Ba kowane abu ake so a amayo ba ma. In abu ne mai tsini ko kaifi, allura, ƙusa, reza, fasasshiyar kwalba, tsinken tsire, fitowarsa ta sama ta fi zamansa haɗari don zai iya tsaga maƙogwaro. In abu ne mai ƙuna irin su bilic, sodar yin sabulu, ruwan batir, ya ƙona sau ɗaya da zai shiga, amai zai sa ya sake ƙonawa. Kananzir da fetur kuma huhu suke tafiya in aka yi amansu. Haka in kare ya riga ya galabaita ko yana layi, ba a sa shi amai sam.

Wanda na fi jin tsoro a gidaje shi ne ɗan ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli na agogo da rimot ɗin mota da kayan wasan yara. In ya maƙale a maƙogwaro cikin 'yan awoyi yake fara cin naman wajen. Wannan ko ƙarfe biyun dare ne a tashi likita. Maganaɗisu ma in ya wuce ɗaya haka, suna manne wa juna ta jikin hanji su huda shi.

DanKurna92:
To ni dai har yanzu ina kan bakana, karnukan gida ba su da wannan lalacin. Na Turawa ne komai sai asibiti. Ku je bola ku ga abin da karnukan unguwa suke ci.

Mahaucin_Fagge:
DanKurna waɗanda suka mutu a bolar ai ba ka gani, masu ran kawai kake gani. Ni sana'ata fawa, ka zo abbatuwa da safe ka ga abin da muke cirowa daga tumbin shanu da tumaki, leda ta dunƙule ta zama ƙatoton curi har da igiya da tsumma a ciki. Dabba tana ci tana ramewa mai ita ya yi ta sayen magani bai san leda ce ta cika cikin ba. In saniya da girmanta leda ta kayar da ita ina ga ɗan kwikwiyo.

Maman_Walid:
Wlh kuwa. Ragon layyarmu na bara haka muka samu, ledar fiya wata cike da cikinsa.

Maharbin_Dorayi:
Likita na ji bayaninka kuma ban ƙi ba. Amma ka sani mu a daji muke, wani lokacin tsakaninmu da gari tafiyar yini ce, ba likita ba kemis. In kare ya ci mushen da aka sa wa guba me za mu yi in ba manja da nono ba? Ko gawayi, don wasu suna daka gawayi su jiƙa su ba shi.

Likitan_Dabba_KN:
Baba tambayarka a kan hanya take. Gawayin da muke bayarwa a asibiti sarrafa shi aka yi musamman don ya kama guba, gawayin murhu bai kai shi aiki ba ko kusa, amma na asibitin ana samunsa a manyan kemis, ba shi da nauyi, kuna iya tafiya da shi a jaka bayan likita ya nuna muku adadin da ake bayarwa. Shi ma guba yake kamawa, ba ya yin komai a kan safa ko leda ko ƙashi. Manja da nono kuma akwai gubar da maiƙo ke ƙara mata saurin shiga jiki, irin su kafur ɗin da ake sa wa a kaya da wasu magungunan ƙwari, kun ga an je gyara an ɓata.

Tunda an zo batun guba, shinkafar ɓera kala-kala ce. Akwai wadda ke hana jini daskarewa, kare zai ci yau ka gan shi lafiya ƙalau, sai bayan kwana uku zuwa biyar ya fara kasala, dasashinsa ya yi fari, jini ta hanci ko a kashi. Mutane suna cewa ai ya tsallake, alhali a ciki yake zubar da jini. Tana da makari, bitamin K1, amma makonni ake yi ana ba shi kuma gara a fara kafin alamu su fito. Fiya-fiya kuwa ba ta jira, nan da nan za ka ga yawu, karkarwa, zawo, numfashi sama-sama. Kowacce ce dai, a ɗauki ledar ko kwalbar maganin a tafi da ita wajen likita, ta nan zai san abin da zai yi.

Zee_Bompai:
Dan Allah a ƙara da maganin mutane. Ƙawata karenta na ciwo ta ba shi ibuprofen wai ya samu sauƙi, ƙodarsa ta taɓu. Su kwikwiyo in suka samu sacet ɗin magani a ƙasa taunewa suke har da ledar.

Sadiq_Zoo_Road:
Abban Nana shiru, ka samu likitan kuwa?

Auwal_Naibawa:
Ga masu tambayar inda za a kai, akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Gwale, sai kuma masu zaman kansu a wajen Nasarawa da Bompai da Sabon Gari, wasunsu suna zuwa har gida in ka kira. Shawarata duk mai kare ko mage ya ajiye lambar likita ɗaya a wayarsa tun kafin rana irin wannan, ranar riga-kafi sai ka karɓa. In abu ya gagara a nan kuma ana turawa asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya, can akwai kayan hoto da masu tiyata.

Hajjo_Tela:
Batun hoto, mu da aka yi wa namu ba a ga zaren ba sam, likitan ya ce ƙarfe da ƙashi da dutse su ke fitowa fes, amma tsumma da leda da zare ba sa nunawa sosai, sai dai a gane daga yadda iska ta taru a hanjin ko a yi sikanin. Na faɗa ne kar wani ya ga hoto ba komai ya ce shikenan.

Abban_Nana:
Jama'a na dawo, Allah ya saka da alheri. Mun bi shawarar Sadiq muka sa shi a kwali. Wajen farko da muka je a rufe, sai wani mai shago a wajen ya ba mu lambar wani likitan, ya ce mu same shi. Kafin mu isa bakwai ta wuce. Ya auna shi, ya mammatsa cikin, ya yi masa allurar, ko minti goma ba a yi ba ya amayo safar tare da tuwon da ya ci da rana da wani guntun soson wanke-wanke da ba mu ma san ya ci ba. Alhamdulillah. Sai dai ga wata sabuwa, mun dawo gida maman Nana ta ce ta duba ko'ina ba ta ga ɗaya safar ba. Ƙanena ya rantse ɗaya ya gani a bakinsa. Yanzu ban sani ba ko tun kafin mu gan shi ya riga ya haɗiye ta farkon, ko kuma wani wajen ya kai ta ya ɓoye. Na kira likitan ya ce in sa masa ido in kawo shi Litinin.

Ummu_Aiman:
Alhamdulillah! Ku duba bayan tankin ruwa da ƙarƙashin mota ko inda yake kwanciya, suna son ɓoye abu.

Likitan_Dabba_KN:
Madalla, barka. Game da ta biyun, zai yiwu tana wani lungu, zai kuma yiwu tana ciki, don allurar amai ba kullum take kwashe duk abin da ke tumbi ba. Abin da za ka yi, yau ka bar cikinsa ya huta, ruwa kaɗan-kaɗan, gobe abinci mai laushi shi ma kaɗan-kaɗan, farar shinkafa da ɗan dafaffen nama ba ƙashi ba yaji. Ka ɗaure shi a waje ɗaya don duk kashin da ya yi ka gani, ka sa tsinke ka tona. Yawanci abin da kare ya ci yana fita tsakanin awa 10 zuwa 24, amma tsumma yana iya zama a tumbi kwanaki kafin ya motsa, don haka kar ka saki jiki don gobe ta wuce lafiya.

In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan kar ka jira Litinin: amai yana maimaituwa musamman in ko ruwa ya sha sai ya dawo, ya ƙi abinci, ya kwanta lakwas ba wasa, ciki ya kumbura ko ya yi ƙara in an taɓa, yana yunƙurin kashi ba ya fita, ko ka ga ya miƙe ƙafafun gaba ya kwantar da ƙirji ƙasa ya ɗaga baya ya daɗe a haka, wannan alamar ciwon ciki ce. Hanjin da ya toshe in aka bar shi wajen yana mutuwa ya huje, aikin da za a yi cikin sauƙi ranar farko ya koma sai an yanke wani sashe na hanjin. Kwikwiyo kuma ruwan jikinsa saurin ƙarewa yake. Kar a ba shi maganin sa zawo da nufin a turo ta.

Wani abu kuma, an yi masa riga-kafi? Ina tambaya ne saboda cutar parvo tana kama 'yan kwikwiyo da amai da zawon jini mai wari, mutane su ɗauka wani abu suka haɗiye.

Abban_Nana:
An yi masa guda ɗaya a wajen wanda na karɓo shi, likitan ya duba katin ya ce saura, har da ta haukan kare, za a yi in ya warware.

Auwal_Naibawa:
Ta haukan karen nan kar ka yi wasa da ita tunda akwai yara a gidan, daga wata uku ake yi kuma a dinga sabuntawa duk shekara, a Vom ta jihar Filato ma ana sarrafa maganin allurar. Kuma ƙanenka da ya bi shi zai ƙwace safar, in haƙori ya karce shi ya wanke wajen da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 ya je asibiti a duba.

Zee_Bompai:
Bin sa da gudun nan ma shi ya sa ya haɗiye. A wajensa wasa ne, ko kuma ya ga za a ƙwace masa abu sai ya yi sauri ya tura ciki. Ni in tawa ta ɗauki abu ba na binta, guntun nama ko kifi nake nuna mata sai ta saki wancan ta zo, a hankali har ta gane in na ce saki tana saki. Kuma a wata huɗu haƙoransu ne ke canzawa, na nono guda 28 suna zubewa na manya 42 suna fitowa har wajen wata shida zuwa bakwai, dasashin na yi musu ƙaiƙayi shi ya sa komai suka samu sai sun tauna. Ka nemo masa abin taunawa mai tauri wanda ya fi ƙarfin bakinsa ya haɗiye. Safa da famfas da ɗan kamfai suna sonsu saboda warin jikin mutanen gidan, a dinga ɗagewa sama.

DanKurna92:
A ba shi ƙashi mana ya yi ta gwagwiya, ai shi ne abin taunawar kare tun asali.

Mahaucin_Fagge:
In za a ba shi to babban ƙashin ƙafar sa wanda ba zai iya fasawa ba. Ban da ƙashin kaza dafaffe, tsagewa yake ya yi tsini.

Maman_Walid:
Ni tambayata ta ɗan sha bamban, yanzu lokacin masara ne yara suna ci suna yar da totuwa a tsakar gida, namu jiya na gan shi yana gwagwiyar ɗaya na karɓe amma kamar ya gutsiri wajen rabi. Ita ma tana da matsala ne ko tunda abinci ce za ta narke? Yau dai ya ci abincinsa amma sau ɗaya ya yi amai da safe.

Likitan_Dabba_KN:
Maman Walid totuwa ba ta narkewa, ita da ƙwallon mangwaro suna cikin abubuwan da muka fi cirowa daga hanjin karnuka, girmanta daidai toshe hanji ne kuma a hoto ma wuyar gani gare ta. Tunda har ya yi amai ki kai shi a taɓa cikin. Girmansa ya kai yaya, kuma ya yi kashi tun jiyan?

Maman_Walid:
Wata shida ne, na gida. Kashin ban lura ba gaskiya, bari yaran su dawo daga masallaci in tambaye su, su ke share wajen.

Maharbin_Dorayi:
Likita in an jima zan yi maka magana ta akwatin sirri a kan gawayin nan na asibiti, akwai fita da za mu yi bayan damina ina so mu tafi da shi. Amma nonon dai ban ce na daina ba tukuna.

Abban_Nana:
Mun haska ko'ina da fitila har bayan tanki da cikin kwata ba mu ga safar ba. Shi dai yana kwance yana barci, na ɗaure shi a gindin bishiyar darbejiya na share wajen tas. Da asuba zan duba kashinsa in sanar da ku. Maman Walid ki tura min saƙo in ba ki lambar likitan da ya duba nawa, ya ce gobe Lahadi ma yana ɗaga waya.